Ranar Sanyin da Muka Kai Khala Bakin Bahar

Jidda ba garin sanyi ba ce. Mu da aka haifa a cikinta, abin da muke kira hunturu bai wuce 'yan makonnin da ake kashe mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, a buɗe tagogi, iska ta shigo da kanta ba. Yawancinmu ba mu da rigar sanyi ta kirki. Wanda ya taɓa zuwa Ɗa'if ko Madina a irin lokacin yana iya samun suwaita guda a ƙasan akwati, tana warin kafur. Shi ya sa idan sanyi na gaske ya sauko mana, abin da sai an yi shekaru ake gani, za ka ga abin dariya a titi. Wani ya naɗe wuya da tawul, wani ya sa safa cikin silifa, wata ta yafa sallaya a kan abaya tana sauri.

A hunturun farko bayan an rushe unguwarmu ta Karantina muka ga irin wannan sanyin. Iska ta taso daga arewa ta ƙi kwanciya. Da safe ruwan famfo ya zama abin tsoro, tayil ɗin ɗaki kuwa ba ya takuwa da ƙafa tsirara. A asibitin haƙorin da nake aiki a teburin karɓar baƙi, duk wanda ya turo ƙofa sai ya fara da maganar sanyi kafin ya faɗi abin da ke damunsa.

A lokacin Umma tana zaune tare da mu, ni da maigidana da yaranmu, a wani bene da muke haya a gabashin gari. A Karantina aka haife ta, a can ta yi aure, a can ta haife mu, a can aka ɗauki gawar Abba. Da gidan ya tafi, ba ta yi kuka a gabanmu ba, ba ta kuma yi ƙorafi ba. Ta zaɓi kujerar da ke kusa da taga ta zauna. Tana salla, tana jan carbi, tana ci idan an kawo mata. Amma in ba zuwa ganin likita ba, ƙafarta ba ta taka matakalar benen nan. Ko gidan yayana ta ƙi zuwa. In na matsa mata sai ta ce, "Ina zan je? Ban san kowa a titin nan ba."

Mutum ɗaya ce take yawan ambata, wato Khala, kamar yadda ake kiran 'yar'uwar uwa da Larabci. Ba 'yar'uwarmu ta jini ba ce, maƙwabciyarmu ce da bango ɗaya ya raba mu. 'Yar ƙasar Damagaram ce a Nijar. Ta zo aikin Hajji da mijinta tana yarinya ɗanya, suka zauna neman abin komawa, har ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya. Ba ta taɓa mallakar iƙama, wato takardar izinin zama, ba. Da soyayyar gyaɗa da kuka da busasshiyar kuɓewa, a faifai a bakin ƙofarta, ta raini 'yarta har ta aurar da ita. Saboda rashin takarda, Jiddarta ba ta wuce lungunmu da kasuwa da masallaci ba. Ita ta yi wa Umma wankan jego a haihuwata, kuma tun ina ƙarama na saba jin bugun bango sau biyu da asuba: ko Umma ce ke tashinta salla, ko ita ce ke tashin Umma. Ta girmi Umma, don haka Umma na ce mata Yaya, ita kuma tana ce mata Hajiya. Bayan rusau 'yarta ta ɗauke ta zuwa unguwar Mahjar, suka ba ta ɗaki a saman bene. Tun ranar da motocin kaya suka raba su ba su sake haɗuwa ba, sai dai murya a waya.

Ranar da nake ba da labari na dawo daga aiki bayan la'asar, hancina yana zuba, na tarar da kujerar taga babu kowa. Ƙamshin gyaɗa da tsamiya ya ja ni kicin. Umma ce tsaye a gaban tukunya tana dama kunu, hannun rigarta a naɗe.

Na ce, "Umma, baƙi za mu yi?"

Ta ce, "Mu ne baƙin. Ci abinci, za ki kai ni Mahjar."

"Yau? Umma, kin ji iskar da ake yi a waje kuwa? Bari zuwa Juma'a mana, ko sanyin zai sassauta."

"Yaya ta aiko mini da murya ɗazu. Tana magana tana tari. Ɗakin nan nata rufin kwano ne, ke ma kin sani. In sanyin ya sassauta, me kunun zai yi mata?"

Maigidana yana aikin yamma a unguwar masana'antu, ba zai dawo da wuri ba, don haka na bar ƙananan a hannun babbar 'yata, muka shiga neman abin sawa. Na zura rigar aikin maigidana mai kauri a ƙarƙashin abaya, na haɗa safa biyu. Umma kuwa ta sa na jawo mata akwatin Abba daga saman kabad. Abba direban babbar mota ne, ya daɗe yana bin hanyar Tabuk inda ake sanyi na gaske, kuma ya bar farwa, wata doguwar alkyabba mai gashin tunkiya a ciki. Dogon mutum ne shi, Umma kuwa gajeriya. Da ta sa, hannayenta suka ɓace, gefen rigar yana share ƙasa. 'Yata ta fito ta gan ta, ta fashe da dariya tana faɗa da Larabci cewa kakarta ta zama shehun Badawiyyai. Umma ta harare ta ta ce da Hausa, "Ke dai rufe ƙofa, kada ki bar yaran nan su fito ba hula."

Ban daɗe da fara tuƙi ba a lokacin. Duk sanda na ɗauki Umma zuwa asibiti, baya take zama, ta rufe ido tana ta addu'a har mu isa. Ran nan gaba ta shiga, ta rungume fulas ɗin kunu a cinyarta. Rana ta yi ƙasa, sararin sama ya yi wani irin fari tas wanda ba mu saba gani ba, don kullum akwai laima a iskar Jidda. Bishiyoyin dabino na tsakiyar titi duk sun karkata gefe guda. A bakin gidajen burodi mutane sun yi layi suna jiran tamis, kowa ya cusa hannuwa a hammata, suna matsawa kusa da bakin tanda.

Hanyarmu ta bi ta gefen Karantina. Ban taɓa biyo da ita ta nan ba tun bayan tashinmu. Fili ne fetal, an share shi, ba ka gane inda lungu ya fara ko inda ya ƙare. Iska tana kora ledoji suna maƙalewa a shinge. Na rage gudu, ina tsammanin za ta ce in tsaya. Ta kalla ta taga na ɗan lokaci, bakinta yana motsi, sannan ta ce, "Wuce, kunun zai huce."

'Yar Khala ce ta buɗe mana ƙofa a Mahjar. Sa'ata ce, tare muka yi wasan ƙasa. Ta ga Umma cikin farwa ta riƙe baki, sannan ta rungume ta. Muka kama Umma ta kowane gefe muka hau matakala a hankali, tana hutawa a kowane hawa. Da muka fito saman benen iska ta mare mu, igiyoyin shanya suna kaɗawa, kwanon rufin ɗakin Khala yana ƙara kamar ana taka shi.

Tana zaune a kan katifa, ta lulluɓa da barguna, fuskarta kawai ake gani. A gabanta akwai 'yar daffaya ta lantarki mai ɗumama ɗaki, wayarta ɗaya ce ke ja, ɗayar ta mutu. Da ta ɗago ta ga mai shigowa sai ta zuba mata ido, kamar ba ta gane ta ba. Can ta ce, "La ilaha illallahu. Hajiya, ke ce a cikin rigar Alhaji?"

Umma ta ce, "Ni ce, Yaya. Kin ƙi zuwa, na zo."

Suka riƙe hannun juna suka shiga gaisuwa. Ina gajiya, yaya sanyi, yaya yara, yaya jikin, yaya baƙunta, a kai ƙarshe a sake dawowa farko. Mu biyu muka zauna a bakin katifa muna kallonsu. Umma ta buɗe fulas, tururi ya tashi ya cika ɗakin. Khala ta karɓi kofi da hannu biyu, ta ɗora shi a kumatunta tukuna kafin ta kurɓa.

Ta ce, "Tsamiyar ta yi yawa."

Umma ta ce, "Shekara nawa kina faɗin haka kina shanyewa?"

Ni na fara lura da jakunkunan da ke bayan ƙofa, irin manyan nan na leda masu ratsi-ratsi, an cika su an ɗaure da igiya. Na ɗauka kayan tashi ne da ba a kwance ba. Amma igiyar sabuwa ce, kuma faifayenta na sana'a ba sa cikin ɗakin. Umma ma ta gani. Ta kalli jakunkunan, ta kalli Khala.

Khala ta ajiye kofin ta ce, "Da ma ina neman bakin da zan gaya miki da shi. A waya na kasa. Gida zan koma, Hajiya. Mijin yarinyar nan ya yi ta zirga-zirga har an gama mini takardun fita. Kafin azumi ya kama zan tafi, in Allah ya yarda."

Umma ta ɗauki fulas ta ƙara mata kunu, ko da yake kofin bai kai rabi ba. Sai da ta rufe fulas ɗin ta ce, "Mutane suna roƙon Allah ya ɗauki ransu a ƙasar nan, ke kuma kina barinta?"

"Na roƙa, Hajiya. Tun gashina yana baƙi nake roƙo, bai ɗauka ba, shi ya san dalili. Unguwar da na sani babu ita. A nan ina sama kamar tantabara, ba mai sayen gyaɗa, ba mai sallama. Ƙanena yana da rai, ya ce ɗakin innarmu yana nan, sun gyara rufin. Ina so in zauna inda in na faɗi sunan ubana wani zai ce ya san shi."

'Yarta ta tashi ta fita, wai za ta duba shayi. Na san kuka za ta yi. Ni kuma don in kau da shirun na ce, "Khala, kafin ki tafi, akwai inda kike so in kai ki? Ga mota. Ko Makka kike so mu je ki yi bankwana?"

Ta ce, "Wannan an riga an shirya, surukina zai kai ni." Sai ta yi murmushi irin na mai jin kunyar abin da za ta faɗa. "Bahar nake so in gani."

Na ce, "Bahar? Ba ki taɓa zuwa bakin tekun ba?"

"Ina jin warinsa in iska ta juyo. Na taɓa hango shi ta tsakanin gine-ginen tashar jirgin ruwa. Amma in tsaya a gabansa, a'a. Can wurin masu takarda ne, 'yata. Wa zai kai kansa?"

Ni da ƙawayena mun sha zuwa Kornish, wurin shan iska na bakin teku, tun muna 'yanmata, mu shimfiɗa tabarma mu ci gyaɗar da aka saya a faifanta, ban taɓa tambayar kaina ko ita ta je ba. Na ce mata in sanyi ya wuce zan zo in ɗauke ta.

Ta ce, "Yau fa? Yau ba kowa a can, ba mai kallona. Kuma yanzu ina da takarda. Ta fita ce, amma ai takarda ce."

'Yarta da ta dawo da tiren shayi ta ce, "Ummi, da wannan tarin? Wallahi sanyin bakin ruwa ya fi na nan." Ta juyo wurin Umma tana neman mai taya ta.

Umma ta dafa bango ta miƙe, ta tattara farwarta ta ce, "Yalla. A yi magariba mu tafi."

Muka yi salla a ɗakin, sannan aka shiga naɗe Khala. Riga kan riga, zane kan zane, safar surukinta, hular ulu ta jikanta a ƙarƙashin hijabi, bargo a kan komai. 'Yarta ba ta samu binmu ba saboda jaririnta, ta tsaya a ƙofa tana ta jaddada mini kada mu daɗe. Su biyu suka shiga baya. Na kunna abin ɗumama mota, wanda tun da muka saye ta ba a taɓa taɓa shi ba, ya huro mana wani wari kamar na tsohuwar guga kafin ɗumin ya zo.

Muka nufi arewa. Khala ta manne da taga. Da muka hau gada, fitilun gari suka bazu a ƙasa ta ko'ina, sai ta ce, "Wannan duk Jidda ce?"

Na ce, "Ko rabinta ba mu yi ba, Khala."

"To ni a ina na zauna?"

Umma ta ce, "A inda na zauna."

Na so in nuna mata ruwan nan da ake harbawa sama daga cikin teku, wanda ake hangowa daga nesa, amma an kashe shi saboda iska. Na ba ta haƙuri. Ta ce ita ba ruwan famfo ta zo gani ba.

A ranakun da aka saba, samun wurin ajiye mota a Kornish aiki ne. Ran nan na zaɓi inda nake so. Motoci 'yan kaɗan ne, masu su suna ciki suna cin abinci, gilasai a rufe. Da na buɗe ƙofa iska ta fizge ta daga hannuna. Ban taɓa jin sanyi irin wannan a garinmu ba. Ya ratsa abaya da rigar maigidana kamar ban sa komai ba, kunnuwana suka fara zafi, haƙorana suka kama haɗuwa. Na leƙa baya na ce, "Ko ku kalla daga cikin mota?" Ba wadda ta amsa mini. Khala ta riga ta zuro ƙafa.

Muka taka a hankali har bakin shingen ƙarfe. Bahar ɗin ya yi baƙi ƙirin, sai farin kumfa da ke tasowa layi-layi yana dukan duwatsu. Ƙararsa ta cika kunne. Can gefe wasu masu kamun kifi biyu sun naɗe fuska da rawani, sun ƙi haƙura. Kuliyoyi sun cure a ƙarƙashin benci. Nesa, fitilun jiragen ruwa suna jere suna jiran shiga tasha.

Khala ta kama ƙarfen da hannu biyu ta tsaya. Wata igiyar ruwa ta daki dutse, feshinta ya same mu a fuska. Ta lashi leɓe ta ce, "Ashe da gaske gishiri ne." Sannan ta ce, "Subhanallahi. Ba ya gajiya?"

Umma ta ce, "Tun da aka halicce shi."

Na ga bargon Khala ba ya tare komai, iska sai ɗaga shi take. Umma ma ta gani. Ta ja ta zuwa benci, ta buɗe farwar ta rufa musu su biyu, kowacce ta riƙe gefe ɗaya a ƙirjinta. Sun shige ciki tsaf, har da saura. Na bar su na ruga wani ɗan kanti da ke da wuta, inda wani dattijo Bayamane ke sayar da sahlab, abin sha mai kauri na madara da kirfa da ake yi lokacin sanyi. Ya ce mini tun da ya buɗe kantin bai taɓa sayar da shi kamar makon nan ba. Na dawo da kofuna uku, yatsuna suna godiya.

Khala ta kurɓa ta juya shi a baki. Ta ce, "Kunun Larabawa ne. Da sun sa gyaɗa da ya yi."

Ta tambaye ni ta ina gida yake. Na nuna mata gabanmu, inda ɗan sauran jan rana ya ɓace. Na ce in aka haye ruwan nan Sudan ce, bayanta Cadi, bayanta ƙasarsu. Umma ta ce ta nan mahaifinta ya hayo, a jirgin katako daga Sawakin, bayan ya yi shekaru a hanya yana noma a gonakin mutane yana matsowa. Ya ce musu da suka tsallako ya yi amai har ya ɗauka ransa zai fita, kuma tun daga ranar bai sake cin kifi ba. Na sha jin labarin tafiyar Kaka, amma ban taɓa jin zancen kifin ba. Khala ta yi dariya ta ce ita dai Allah ya rufa mata asiri, ta sama za ta bi.

Muna cikin haka sai wata motar 'yan sanda ta taho a hankali ta kan hanyar masu tafiya a ƙafa, fitilarta tana juyawa ba ƙara. Ta tsaya daidai bayanmu. Kafin in juya, hannun Khala ya fito daga farwa ya damƙi wuyan hannuna. Ban san tsohuwa tana da ƙarfi haka ba. Kofinta ya karkace, sahlab ya zuba a safarta. Ta sunkuyar da kai, ta ja hijabi ta rufe rabin fuska, abin da na ga tana yi tun ina yarinya duk sanda baƙuwar mota ta shigo lungunmu.

Wani matashi ya sauke gilashi ya yi sallama. Da Larabci ya ce, "Ya ummi, ku ja baya kaɗan daga bakin dutse, ruwa yana da ƙarfi yau, zai jiƙa ku. Allah ya ba ku lafiya." Na yi masa godiya, ya ɗaga hannu, suka wuce wajen masu kamun kifi.

Khala ba ta sake ni ba sai da fitilar ta yi nisa. Ta ce, "Me ya ce?" Ta ji sarai, Larabcinta na kasuwa ya isa wannan. Na maimaita mata da Hausa. Sai ta fara dariya, a hankali da farko, daga baya har kafaɗunta suna rawa, dariyar ta koma tari, Umma tana bubbuga mata baya.

Ta ce, "Shekarun nan duka ina ɓuya, yau da suka same ni cewa suka yi kada in jiƙe."

Umma ta ce, "Kin taki sa'a ne, Yaya. Sha abinki kafin ya yi sanyi."

Muka koma wani benci da ke baya. Na zauna a gefensu, na cusa hannuwana a ƙarƙashin farwar ni ma. Umma tana kallon ruwa ta ce, "A gidan yarinyar nan, in na farka da asuba sai in kai hannu bango. Sai na buga nake tuna wani Bamisre ne a bayansa."

Khala ta ce, "Ni ma ina bugawa. Nawa bangon ma ba kowa a bayansa, sai tankin ruwa."

"Da kina Mahjar na san kina nan."

"Can ma ina nan, Hajiya. Wayar da ta kawo muryata daga Mahjar ita za ta kawo ta daga can."

Umma ta share ido da hannun rigar Abba. Ba ta roƙe ta ta zauna ba, Khala ma ba ta ƙara bayani ba. Suka koma zancen mutanen lungunmu, wa ya koma ina, wa ya aurar da 'ya, wa ya rasu ba a ji ba sai daga baya. Na zauna ina saurare, ƙafafuna sun daina jin komai, amma ban iya cewa mu tashi ba.

Kiran isha'i ne ya tashe mu. Akwai ɗan masallaci kusa, muka shiga ɓangaren mata, mu kaɗai ne sai wata mai shara. Allah ya taimake mu da sauran alwalarmu, don na taɓa ruwan famfon wurin na janye hannu da sauri. Kafet ɗin yana da ɗumi. Bayan sallama Khala ta daɗe hannunta a sama.

A hanyar komawa duk suka yi barci a baya, kan Khala a kafaɗar Umma. Na kashe rediyo na tuƙa a hankali. A Mahjar surukinta ya sauko ya taimaka mata hawa. Kafin ta shiga ta riƙe fuskata da tafukanta masu sanyi ta ce, "Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu kai ki inda kike so in kin tsufa." Na ce amin.

Washegari Umma ta tashi da mura mai ƙarfi, ta yi kwanaki tana fama, kuma ta gaya wa yayana a waya cewa ni na kai ta bakin ruwa cikin sanyi. Tarin Khala kuwa bai ƙaru ba, 'yarta ta ce har ya ragu. Sanyin ya ɗauke bayan 'yan kwanaki, gari ya koma yadda muka san shi.

Khala ta tafi kafin azumi kamar yadda ta faɗa. Ranar ina wurin aiki, maigidana ne ya kai Umma suka yi sallama. Bayan sati biyu ko uku muryarta ta iso a waya, ana jin kukan awaki da hayaniyar yara a bayanta. Ta ce ta sauka lafiya, ƙanenta ya tsufa har ya fi ta, ɗakin yana da kyau. Abu ɗaya ne ke damunta: jikokin gidan suna bin ta suna kwaikwayon kalmomin Larabcin da ke cikin maganarta. In ta ce halas su ce halas, in ta ce yalla su kwashe da dariya, har sun sa mata suna Balarabiya. Ta ce, "Hajiya, kin ji fa. A can ni 'yar Nijar ce, a nan kuma wai Hausata ba ta fita."

Umma ta yi dariya har ta dafe ƙirji. Ta miƙo mini wayar ta ce in nuna mata inda ake dannawa, za ta ba ta amsa da kanta.